Facin Da Ke Tsayar Da Jini A Ɗakin Fiɗa

A jikin baligi mai matsakaicin ƙira akwai jini kimanin lita 5, watau galan guda da 'yar ɗoriya. Idan kashi 40 cikin 100 na wannan jini ya zuba ba a mayar da shi da gaggawa ba, to rai yana cikin babban haɗari. Saboda haka duk likitan da ya ɗauki aska zai tsaga jikin ɗan Adam, aiki biyu ne a gabansa: ya gyara abin da ya kawo majiyyaci asibiti, ya kuma hana jini tsiyayewa kafin ya gama. Sau da yawa aiki na biyun ya fi na farko wuya.

Daga shekarun 1990 zuwa yau, likitocin fiɗa sun sami wani sabon mataimaki a wannan fage. Wani ɗan falle ne mai kama da soso, wanda bai kai tafin hannu ba, ana manna shi a kan wurin da jini ke tsattsafowa, a danna na 'yan mintoci, sai ya kama naman ya toshe hanyar jinin. Ba a ɓamɓare shi bayan an gama aiki. A cikin jiki ake barinsa, jikin kuma ya narkar da shi a hankali. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai facin taya ya ga an kankare roba, an shafa gam, an ɗora faci an danne, ya riga ya fahimci rabin al'amarin. Sauran rabin shi ne za mu duba, domin mai karatu ya san amfanin wannan faci, ya kuma san iyakarsa.

Inda zare ba ya kamawa

Jinin da ke zuba a lokacin fiɗa iri-iri ne. Akwai na babbar jijiya, wanda yake tsartuwa daidai da bugun zuciya. Maganin wannan sananne ne: a kama jijiyar da ƙarfen matsewa, a ɗaure ta da zare ko a ɗinke ta. Akwai na ƙananan jijiyoyi, waɗanda ake ƙona bakinsu da na'urar lantarki. Sa'an nan akwai na uku, wanda ya fi ba likita ciwon kai, watau jinin da ke tsattsafowa daga faffaɗan wuri kamar yadda ruwa ke tsattsafowa a jikin sabuwar randa, ba ka ganin ƙofa guda da za ka ce ga inda yake fita.

Hanta ita ce babban misali. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa ta cikin hanta yake bi, watau wajen lita ɗaya da rabi a kowane minti. Namanta kuwa mai taushi ne, duk wanda ya taɓa yanka hantar rago ya san haka. Idan likita ya yanke wani sashe nata saboda ciwon daji, sai a bar shi da fili mai ɗaruruwan ƙananan hanyoyin jini, in ya ja zare da ƙarfi zaren ya keta naman, kowane hujin allura kuma ya zama sabuwar ƙofar jini. Haka abin yake a saifa da ƙoda. A huhu kuwa, ban da jini akwai iskar da ke sulalewa ta wurin da aka yanka.

A aikin zuciya matsalar ta wani ɓangare take zuwa. Kafin a haɗa majiyyaci da injin da zai riƙe aikin zuciya da huhu, dole a ba shi maganin da ake kira hefarin, wanda ke hana jini daskarewa don kada ya toshe injin. Likita ke nan yana ɗinki a jikin da aka hana jininsa yin guda da gangan. Bugu da ƙari, idan zubar jini ta daɗe, jiki yakan yi sanyi, sinadaran da ke daskarar da jini su ragu, zubar ta ƙara tsananta. Ƙarin jini yana ceton rai, amma shi ma yana da nasa haɗari, ga shi kuma ba kullum ake samunsa ba. Dalilin da ya sa ke nan kowane minti yake da daraja a ɗakin fiɗa.

Daga lalas zuwa kakin zuma

Neman dabarar tsayar da jini ya daɗe kamar yadda aikin fiɗa ya daɗe. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, shahararren likitan nan na Ƙurɗuba a ƙasar Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana hanyoyin da aka sani a zamaninsa cikin littafinsa At-Tasrif: dannewa da yatsa, lalas da ƙarfe mai zafi, ɗaure jijiya da zare, da kuma zuba magungunan da ke tsuke rauni a ɗaure da ƙyalle. A ƙarni na 16, Ambroise Paré na Faransa ya yaɗa ɗaure jijiya da zare a madadin ƙarfen wuta idan an yanke ƙafa ko hannun sojan da ya ji rauni. A shekarar 1892 Victor Horsley na Ingila ya bayyana wani haɗi na kakin zuma da ake shafawa a bakin ƙashin da aka yanka don toshe jini, har yau kuwa ana amfani da irinsa. A 1926, a birnin Boston na Amurka, likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya fara aiki da na'urar lantarki da William Bovie ya ƙera, wadda ke yanka tana ƙona bakin jijiya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo wani babban ci gaba. Edwin Cohn na Jami'ar Harvard ya gano yadda za a rarrabe sinadaran da ke cikin ruwan jini ɗaya bayan ɗaya. A waɗannan shekaru na 1940 ne kuma aka fito da soson jelatin mai suna Gelfoam, da wani ƙyalle na musamman da aka sarrafa daga zaren tsirrai, waɗanda jiki ke iya narkarwa. A 1972 wata likita a ƙasar Ostiriya, Helene Matras, ta yi amfani da gam ɗin da aka haɗa daga sinadaran jini wajen liƙe jijiyoyin motsi da ji.

Tafiyar dai ba ta rasa tuntuɓe ba. A ƙarshen shekarun 1970 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta janye lasisin sayar da ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai da ake tacewa daga jinin mutane, saboda yana yaɗa ciwon hanta. Sai a 1998 hukumar ta amince da gam na farko na wannan iri, bayan an inganta hanyoyin kashe ƙwayoyin cuta. Gam ɗin ruwa kuma yana da nasa cikas: sai an haɗa shi ko an narkar da shi kafin aiki, jini mai gudu kuma yakan wanke shi kafin ya kama. Daga nan ne tunani ya zo cewa a ɗora sinadarin a busasshe a kan wani falle, yadda likita zai sami abin dannawa da abin liƙewa a haɗe.

Iri biyu, hanya biyu

Kafin a gane yadda facin ke aiki, ya kamata a san yadda jini ke tsayar da kansa. Idan jijiya ta tsage, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin jini sukan taru a bakin raunin su manne. Sa'an nan wani sinadari mai suna turombin ya taɓa wani mai suna fibirinojin, wanda yake narke cikin ruwan jini, ya mayar da shi zaruruwa masu ƙarfi da ake kira fibirin. Waɗannan zaruruwa su ne ke saƙa raga a kan raunin, ragar ta kama ƙwayoyin jini, sai guda ya samu.

Iri na farko na facin yana kawo waɗannan sinadarai biyu ne daga waje. Wanda aka fi sani shi ne TachoSil, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2004, Amurka kuma a 2010. Soso ne da aka yi da kolajin, watau sinadarin da ke ba fata da jijiya ƙarfi, an samo shi daga jikin doki. An shafe fuska ɗaya da fibirinojin da turombin na ɗan Adam, an kuma rina ta rawaya don likita ya san wadda zai kifa a kan rauni. Babbansa yana da tsawon santimita 9.5 da faɗin 4.8. Da zarar fuskar nan ta taɓa jini ko danshi, sinadaran biyu sukan narke su haɗu, fibirin ya samu nan take tsakanin soso da nama. Wani mai suna Evarrest, wanda Amurka ta amince da shi a 2012, shi ma a kan wannan hanya yake, sai dai fallensa saƙaƙƙe ne. Fa'idar wannan iri ita ce yana aiki ko da jinin majiyyaci ya raunana wajen yin guda, tunda ya zo da kayan aikinsa.

Iri na biyu ba ya ɗauke da komai daga jinin mutum. An shafe shi ne da wani sinadarin da aka haɗa a masana'anta, wanda in ya taɓa danshi sai ya ƙulle da naman jiki da sinadaran jini cikin daƙiƙoƙi. Hemopatch na kamfanin Baxter, wanda ya shiga kasuwar Turai a 2013, an yi fallensa da kolajin na fatar saniya, an kuma zana shuɗɗan murabba'ai a bayansa don kada a kifa shi a baibai. Jiki yakan narkar da shi cikin mako 6 zuwa 8. Veriset an yi shi da zaren tsirrai da aka sarrafa, babu komai na dabba ko na mutum a cikinsa. Ethizia kuwa, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Holan, ya sami amincewar Turai a 2023, fallensa kuma na jelatin ne daga alade.

Wajen mannawa, kowane iri da ƙa'idarsa. Likita zai fara da ɗaure abin da ke ɗauruwa, ya ƙona abin da ke ƙonuwa, sa'an nan ya share jinin da ya taru. Zai yanka facin yadda zai zarce bakin raunin da santimita 1 zuwa 2, in wurin yana da faɗi ya jera biyu ko uku, gefen wannan a kan gefen wancan. TachoSil ana danna shi da jiƙaƙƙen bandeji na aƙalla minti 3. Hemopatch a bushe ake ɗora shi, a danna da busasshen bandeji na minti 2. Wasu daga cikin sababbin daƙiƙa 30 suke bukata. Wanda ya ɗaga hannu kafin lokaci don ya leƙa, ya ɓata aikin, sai ya sake sabon faci.

Abin da gwaji ya nuna

A 2005 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Turai a kan majiyyata 121 da aka yanke wa wani sashe na hanta. An yi wa wasu faci da TachoSil, wasu kuma aka ƙona musu wurin da na'urar iskar argon. Ga waɗanda aka yi wa faci, jini ya tsaya cikin kusan minti 4 a matsakaici, sauran kuwa sai da aka haura minti 6. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a aikin hanta, ƙoda da zuciya sun nuna abu makamancin haka: facin yana gaggauta tsayar da jini mai tsattsafowa. A Turai an kuma amince a yi amfani da shi wajen toshe iska a huhu, ƙarfafa ɗinkin jijiya, da liƙe tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa don kada ruwanta ya riƙa ɗiga.

Amma fa akwai inda aka gwada shi bai biya bukata ba. Akwai wata tsoka a bayan tumbi da ake kira fankiriyas, wadda ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Idan an yanke wutsiyarta, ruwan nan yakan riƙa ɗiga cikin ciki, an kuwa sa rai faci zai hana hakan. Gwaje-gwajen da aka buga daga Italiya a 2012 da Faransa a 2015 sun nuna bai rage ɗigar yadda aka zata ba. Har ila yau, ribar da aka fi tabbatarwa a yawancin gwaje-gwajen ita ce ta mintoci, domin lokacin tsayawar jini shi ne abin da aka fi aunawa. Mintocin nan suna da amfani ƙwarai ga majiyyacin da ke kan gaɓa, amma ba kowane aiki ne ke bukatarsu ba.

Su kansu kamfanonin da ke yin facin sun rubuta a takardar da ke cikin kwalinsa cewa mataimaki ne, ana ɗauko shi bayan hanyoyin da aka saba sun gaza ko ba za su yiwu ba. An hana ɗora shi a kan babbar jijiya mai tsartuwa a madadin ɗinki. An hana sa shi cikin jijiya, domin zai iya haddasa gudan da zai toshe ta. An hana sa shi a wurin da ya ruɓe ko ya yi ƙwayoyin cuta. An yi gargaɗi a kan cusa shi a matsattsen wuri kusa da laka, saboda yakan ɗan kumbura. Wanda jikinsa ba ya jituwa da sinadarin doki ko na saniya ba a sa masa irin da aka yi da su. An kuma sami rahotannin majiyyatan da facin ya manne wa hanjinsu har hanjin ya toshe, shi ya sa ake umartar likita ya share jini sosai daga gaɓoɓin da ke maƙwabtaka da wurin.

Haƙƙin majiyyaci ya sani

Tunda an ambaci doki, saniya, alade da jinin mutum, dole mai karatu ya yi tambaya. Game da jinin mutum, ana tantance masu ba da shi, ana kuma bin matakan kashe ƙwayoyin cuta, har haɗarin ya ragu ƙwarai, ko da yake masu yin sa ba su ce ya kau gaba ɗaya ba. Saboda haka ake son asibiti ya rubuta lambar kowane faci a fayil ɗin majiyyaci.

Game da alade kuwa, wani taron malamai da likitoci da Ƙungiyar Musulunci ta Kimiyyar Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa jelatin da aka sarrafa har ya sauya daga asalinsa ya zama mai tsarki. Akwai malaman da suka saɓa wa wannan, musamman idan akwai madadi. Mabiya Shaidun Jehobah, waɗanda ba sa karɓar ƙarin jini, su ma suna da abin dubawa game da irin da aka yi da sinadaran jini. Abin da ya dace a aikin da aka tsara tun da wuri shi ne likita ya gaya wa majiyyaci ko iyalinsa abin da zai iya sa masa, tunda akwai irin da ba shi da komai na dabba.

Ina muka tsaya a Nijeriya?

Manyan ayyukan fiɗa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002. Ciwon dajin hanta, wanda ke da alaƙa da ciwon hanta nau'in B, yana da yawa a Afirka ta Yamma. Ga kuma haɗurran mota da ke fasa hanta da saifa a manyan hanyoyinmu. Duka waɗannan wurare ne da faci zai yi rana.

Sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne. Babban faci guda yakan kai ɗaruruwan daloli a kasuwannin waje, alhali mafi ƙarancin albashin da aka kafa a 2024 naira 70,000 ne a wata, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan kuma daga aljihun majiyyata yake fita. Kowane faci yana da ƙa'idar ajiya da ranar lalacewa, ga kuma tsoron jabu, don haka kada iyali su yarda a tura su sayo wanda ba a san hanyar shigowarsa ba, ko wanda ba shi da rajistar hukumar NAFDAC.

Ya kuma kamata a tuna cewa zubar jinin da ta fi kashe mutanenmu ba irin wadda faci ke tsayarwa ba ce. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna mata kimanin 75,000 ne suka mutu a Nijeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, watau sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, zubar jini bayan haihuwa kuma tana kan gaba cikin dalilai. Galibi mahaifa ce ke gaza tsukewa, babu kuwa inda za a manna faci. Wani babban gwaji da aka buga a 2017, wanda ya haɗa mata sama da 20,000 a ƙasashe 21 har da Nijeriya, ya nuna allurar tiranekzamik mai araha tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. Wani kuma da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa, ya nuna auna jinin da ke zuba da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna gaba ɗaya ba tare da jira ba, ya rage tsananin zubar da kashi 60 cikin 100.

To, shawara ga hukumomi ita ce a ajiye kowane abu a muhallinsa. Manyan asibitocin koyarwa da ke aikin hanta, zuciya, ƙoda da ƙwaƙwalwa sun cancanci su ajiye facin a ɗakin fiɗa, a horar da likitoci da ma'aikatan jinya yadda ake manna kowane iri, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa kuma ta duba yadda za ta sauƙaƙa wa majiyyaci kuɗinsa idan likita ya tabbatar da bukata. Ƙananan asibitoci kuwa, abin da suka fi bukata shi ne zare mai kyau, na'urar ƙona jijiya mai aiki, wutar lantarki da ba ta yankewa, da firjin da ke cike da jini. Dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa ta samu a 2021, amma doka ba ta cika leda. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin ƙasa na bukatar aƙalla ledar jini 10 ga kowane mutum 1,000 a shekara, Nijeriya kuwa ba ta kai nan ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai lafiya da ya je ya ba da jini kyauta tun ba a kwantar da ɗan'uwansa ba, shi ma ya sa hannu a aikin da likita zai yi gobe. Wanda kuma za a yi wa fiɗa, ya gaya wa likita duk maganin da yake sha, musamman asfirin da magungunan tsinka jini da na gargajiya, ya tambayi abin da aka tanada idan jini ya ƙi tsayawa, ya kuma tabbata an auna ƙarfin jininsa kafin ranar aiki.